Agogon Tawa a Bab Makka

Duk wanda ya saba ratsa kasuwar Bab Makka ta Jidda da hantsi ya san dattijon nan, ko da bai san sunansa ba. Dogo ne, baƙi, ya ɗan ranƙwafa, kullum da gurasar tamis a leda, yana saukowa daga ƙaramar motar da ke kwaso mutanen unguwar Waziriyya. Ba ya sauri. Zai gaisa da masu atamfa, ya tsokani masu dabino, ya tsaya wurin Hajiya Zeinabou mai tuwo ya tambaye ta yadda ƙafa ta kwana, sannan ya isa rumfarsa. Rumfa ma dai muke cewa don girmamawa. Wani ɗan saƙo ne tsakanin shaguna biyu, in ya zauna gwiwarsa tana taɓa akwatin gilashin da yake jera agogunan mutane a ciki. Sunansa Malam Nomau, mutumin wani ƙauye ne arewa da Tawa a ƙasar Nijar, gyaran agogo ne sana'arsa.

A bangon bayansa agogo biyu ne rataye. Na dama yana tafiya da lokacin Jidda. Na hagu kuwa, tsoho mai gidan katako, kullum yana baya da awa biyu. Baƙo in ya gani sai ya yi dariya, ya ce ga mai gyaran agogo nasa ya lalace. Malam Nomau ba ya jin haushi. "Lahiyarshi lau," yake cewa. "Wannan na gida ne." Shi yake fara wanawa kafin ya karya kumallo, ya goge masa gilashi da gefen rawani. Daga nan har ya tashi, in ya ɗaga kai ya dube shi, sai ka ji yana magana shi kaɗai ƙasa-ƙasa: yanzu an kora awaki, yanzu mata sun taru bakin rijiya, yanzu Yaya Mariama ta ɗora tukunya. Kusan shekara arba'in jikinsa yana Jidda, amma wallahi yininsa a Tawa yake yin sa.

A bana, shekarar 2012, rumfar ta rufe. Ba wanda ya yi masa walima, ba jaridar da ta buga, kuma abin ya tsaya mini a rai. Mutanen da ba su tsinana wa kowa komai ba ana ta yi musu taro ana rataya musu lambobi, shi kuwa da ya yi mana hidimar da ko suna ba ta da shi ya tafi shiru kamar ya je sayen shayi. Ni ban yarda ba. Shi ya sa na zauna in gaya wa wanda bai sani ba abin da agogon hagun nan yake nufi, da abin da ya ci wa mai shi.

Nomau bai zo ta jirgin sama ba. Farin da ya cinye dabbobin Adar ne ya koro shi yana saurayi, ya bar tsohuwarsa da yayarsa Mariama, ya nufi gabas da niyyar ya sauke farali ya koma da abin hannu. Yau a bayan babbar mota, gobe a ƙafa, ya yi ƙwadago a gonakin Cadi, ya tsinci auduga a Sudan, sai da ya shafe shekara biyu a hanya kafin jirgin ruwa ya sauke shi Jidda a 1975. Ku riƙe wannan da kyau. Mahajjacin jirgin sama tun yana sarari ake ce masa ya tura agogonsa gaba. Wanda ya zo ta ƙasa kuwa, rana tana ƙara yi masa sammako da kaɗan-kaɗan, ba ranar da zai ji wani abu ya sauya. Ko agogon ma ba shi da shi. A ƙauyensu inuwa ce agogo. Inna takan dubi inuwar rumbu ta ce azahar ta yi, kuma ta yi ɗin.

Wanda ya tsince shi a Bab Makka wani tsoho ne mai gyaran agogo, Ammi Abdulwahid, haifaffen Jidda, jikan mahajjatan Katsina da suka zo suka zauna. Hausarsa ta karye, amma faɗansa bai karye ba. A wurinsa Nomau ya koyi maƙala gilashi a ido, ya koyi riƙe numfashi in zai ɗauki ɗan ƙarfen da bai kai ƙwayar gero ba. Agogon katakon nan na tsohon ne, kuma a wancan zamani ba lokacin Tawa yake nunawa ba. Lissafin mutanen Hijaz na da yake bi, wanda da zarar rana ta faɗi an kira magariba sai a mayar da hannuwan agogo kan sha biyu, sabuwar rana ta soma. Hukuma ta riga ta bar wannan lissafi, tsofaffin gari ne ba su bari ba. Aikin Nomau ne kullum ya hau kujera da kiran magariba ya mayar da shi sha biyu.

Wata rana ya tambayi maigidansa, to shi wancan ɗayan fa, wanda ba a taɓa shi?

"Wannan na hukuma ne, ya waladi," in ji tsohon. "Da can kowane gari da ranarsa, kowane masallaci da inuwarsa. Jirgin ruwa ya shigo da nasa lokaci, mu da namu, rigima kullum. Sai manyan duniya suka zauna suka shirya magana. Yanzu jirgi da waya da rediyo, duk duniya tsari ɗaya ake bi. Halas."

Tsohon bai yi ƙarya ba, bai dai ƙarasa ba ne, wani mai kawo gyara ya katse shi. Nomau ya ɗauka ke nan in agogon hukuma ya ce ƙarfe huɗu a Jidda, to huɗu ce a Tawa, huɗu ce a ko'ina. Har daɗi abin ya yi masa. Yakan dubi agogon ya ce shi da Inna yanzu lokacinsu ɗaya.

A shekararsa ta uku kewar gida ta kai masa iya wuya. Takarda ba shi da ita ballantana ya je ya dawo. Sai ga Alhaji Bawa, mutumin garinsu, ya gama aikin hajji zai koma. Nomau ya ba shi turmin atamfa da carbi da ruwan Zamzam, ya ce, "Ka ce ma Inna, Juma'ar da za ta biyo bayan cika-ciki ta tahi gidan waya na Tawa. Ƙarhe huɗu zan kira. Muryarta kawai nike so in ji."

Ranar ta zo. Ya yi wanka ya sa sabuwar jallabiya, kai ka ce tsohuwar za ta gan shi ta cikin wayar. Ya bi layi a santaral, inda ake haɗa kiran ƙasashen waje, aka haɗa shi daidai huɗu. Waya ta yi ta ƙara a can, ba wanda ya ɗauka. Ya roƙi ma'aikacin ya sake, aka sake. Shiru. Mutanen bayansa suka fara yalla, yalla, wai ya yi sauri ya ba su wuri. Ya fito ransa a ɓace, yana cewa a zuci sun ga wahalar hanya ne sun ƙi zuwa. Allah sarki! A Tawa lokacin ƙarfe biyu ne, ma'aikata sun tashi sallar Juma'a da hutun rana, gidan waya a kulle.

Inna kuwa ta zo. Tun da sassafe ita da Mariama suka baro ƙauye, su taka a ƙafa sannan su sami mota. Da aka buɗe ƙofa da yamma suka shiga, tsohuwa ta zauna kan benci ta ƙura wa wayar ido, tana tambayar Mariama ta wane gefe ake magana. A daidai wannan lokaci ladanin Bab Makka yana kiran magariba, ɗanta yana tsaye kan kujera yana mayar da agogon katako sha biyu, yana fushi da ita. Ta zauna har aka zo rufewa. Kafin damina ta faɗi Allah ya yi mata cikawa.

Sai a hajjin da ya biyo baya labarin ya iso a bakin wani ɗan garinsu, rasuwar da zaman bencin a haɗe. Nomau ya rantse ya kira ƙarfe huɗu, mutumin ya rantse sun zauna ƙarfe huɗu. Ammi Abdulwahid yana jin su, sai ya dafe kai. Ya leƙa wurin mai kayan marmari ya ɗauko kankana, ya aje ta kan akwatin gilashi, ya nuna wa Nomau zanen jikinta tun daga sama har ƙasa. Ya ce haka aka raba duniya, yanki-yanki, kowane yanki da sa'arsa, ana ƙirgawa daga wani gari a ƙasar Ingila. Ya dangwala yatsa ya ce ga Jidda, ya matsa yanki biyu ya ce ga ƙasarku, sannan ya juya ta a hankali wajen hasken ƙofa. "Rana tana zuwa mana kafin ta je muku. Samihni, ya waladi, ka yafe mini, ni ne ban ƙarasa maka ba." Nomau ya kalli tsakanin yatsun tsohon, ɗan wurin da bai kai tafin hannu ba, ya fashe da kuka a tsakiyar kasuwa, ƙato da shi, bai ji kunyar kowa ba.

Da magaribar ranar bai mayar da agogon katako sha biyu ba. Ya hau kujera ya daidaita shi da Tawa, ya sauko yana jiran faɗa. Tsohon da tun tasowarsa lissafin kakanninsa yake bi ya dubi bango, ya dubi Nomau, ya ce, "Bar shi haka." Shi ya nema masa iƙama, wato takardar zama a ƙasar, daga baya, kuma da ya rasu ya bar rumfar da agogon a hannun Nomau, ɗan tsohon ya ci gaba da zama kafilinsa, mai tsaya masa a wurin hukuma.

Abu ɗaya ya zauna wa Nomau a ƙirji tun daga ranar: da wane zato Inna ta tashi daga bencin nan? Ta mutu tana ganin autanta ya shiga birni ya manta da ita? Mutum ɗaya ce a duniya ta san amsa, Mariama, don ita ce a gefenta. Tun da ta koma Tawa wurin ɗanta waya ta yi sauƙi, duk Juma'a yana kiranta ƙarfe huɗun can, bai taɓa fashi ba. Su yi hirar damina, da wanda ya mutu, da wanda aka haifa. Amma da ta ce, "Nomau, ranar nan ta gidan waya..." sai ya katse ta: "Yaya, bar wagga magana, ba ta waya ba ce. Sai na zo." Kuma bai je ba. Da farko takarda ce, sannan aurensa da Rakia da haihuwar 'yarsu Zakiya, sannan doguwar jinyar Rakia har aka binne ta a nan Jidda. Dalilai ne na gaskiya, ban musa ba. Amma ni da na sha zama da shi na san tsoro ne babba. Yana son amsar, yana tsoronta.

Wani in irin wannan ta same shi sai ya ja bakinsa ya ci gaba da neman abincinsa. Malam Nomau bai yi haka ba, kuma nan jinjinata take. Duk Juma'a kafin nasa kiran, yana bakin santaral yana bin layin mutanenmu ɗaya bayan ɗaya: "Ƙarhe nawa kunka yi da su? Na nan ko na can?" Wasu har sun ɗauka taɓin hankali gare shi. Alkasim, wani direba ɗan Cadi da ke zaune a unguwar Madain Fahd, ya gaya mini da bakinsa cewa har tsaki ya yi masa. Ya zo kiran mahaifinsa da ke kwance a asibiti a Anjamena, an yi da shi za a tallabo tsohon zuwa wurin waya da la'asar. Malam Nomau ya riƙe masa hannun riga ya ce ba ta yi ba tukuna a can, ya zo su sha shayi. "Na so in fizge," in ji Alkasim, "sai na ga idonsa ya kawo ruwa, mutumin da bai san ni ba. Na bi shi. Da ya ce tashi, na je na kira, Abba ne ya ɗauka. Ya sa mini albarka. Bai ƙara sati ba." Har yau in Alkasim ya wuce rumfar sai ya ɗaga hannu, ko da yake a rufe take.

Kai ne, Malam Nomau, wanda bai taɓa miƙa wa mahajjaci agogo ba sai ya tambaye shi, na hannunka ne ko tsaraba? In tsaraba ne ka tambayi garin, ka saita shi da lokacin can kafin ka naɗe, don wanda zai buɗe a Maraɗi ko Kano ya same shi yana faɗin gaskiya. In ɗan Kumasi ne ka ƙara ja baya da awa guda. Mahajjata nawa suka yi maka ƙorafin kana ɓata musu lokaci, motar filin jirgi tana jira? Ba ka fasa ba. Agogon baƙi, mai tuna wa matafiyi gida! Ko sisin kwabo ba a ƙara maka a kan wannan ba, ba ka ma taɓa nema ba.

Hajiya Zeinabou ta ce ita abin da ba za ta manta ba shi ne ranar ɗaurin auren ɗanta a Damagaram, tana nan tana tuƙa tuwon mutane, ba halin zuwa. Ta faɗa masa ranar da sa'ar a cikin hira, ta ma manta ta faɗa. Tana cikin kwasa sai ga shi ya bar rumfarsa ya zo ya tsaya a kanta. "Hajiya, aje mara. Yanzu ake ɗaurawa." Ta aje, suka ɗaga hannu su biyu a tsakiyar hayaniyar Bab Makka, masu cin tuwo suka ga haka su ma suka ɗaga. "Wallahi na halarci auren ɗana," in ji ta. "Wanda ya ce ban halarta ba ƙarya yake."

Zamani ya yi ta juyawa a gabansa. Agogon wanawa ya ba na batir wuri, aka kawo masu lambobi, aka kawo masu kiran salla da kansu, ya koyi cikinsu duka yana mita. Wayar hannu ta zo, santaral ya mutu, matasa suka daina ɗaura agogo. Har a Makka aka ɗora wani ƙaton agogo a kan dogon bene da ake hangowa daga nesa, mutane suka zo suna ba shi labari, ya ce madalla, ya tambaya ko yana nuna Tawa. Muka ce to yanzu aikinsa na tunatarwa ya ƙare, tunda waya da kanta take saita lokaci. Ina! Waya ta san lokaci, mai riƙe da ita ne bai san ya kamata ba. A watan azumi za ka ga mutum ya sha ruwa ya cika ciki, ya danna kira gida yana surutu yana gyatsa, alhali can la'asar ce, bakin kowa a bushe. Malam Nomau ya nuna masa bango da haɓa: "Dubi na hagu, marar tausai. Bari su sha ruwa mana."

A farkon bana abubuwa suka haɗe masa. Ido ya yi yana, ɗan ƙarfe ya fara ɓace masa a kan akwati, hannu ya soma rawa. Kafilinsa, ɗan Ammi Abdulwahid, ya rasu, magada suka ce za su sayar da wurin. Zakiya, wadda ke aure a Madain Fahd da 'ya'yanta, ta shiga ta fita ta samo wanda zai karɓi kafalar, sai dai an ce sai an yi watanni kafin takardu su fito, kuma kafin nan ba shi da ikon fita ya dawo. Ana cikin haka, wata Juma'a ya kira Tawa, jikar Mariama ce ta ɗauka. Ta ce tsohuwa ta kwanta, ko fura sai an ɗura mata, in ta farka sunansa take kira.

To ga inda ya tsaya. In ya jira takarda, mai yiwuwa ya sake makara. In ya tafi yanzu, fita ce ta sallama, don a shekarunsa ba mai sake ɗauko shi aiki. Zai bar 'yarsa tilo, da jikokinsa, da kabarin Rakia.

A gaban Hajiya Zeinabou Zakiya ta same shi a rumfa, da Hausarta mai gauraye da Larabci.

"Ya Baba, haram alaik! 'Yan watanni ne bas, ka yi sabur. Wa ka sani a can? Ni a nan nake, yarana a nan, Ummi a nan take kwance. Wa zai kai ka asibiti?"

"Ɗiyata, sau guda na ce ma tsohuwa ta jira ni. Ta jira."

"Ai ba laifinka ba ne!"

"Ban ce laihina ba ne. Na ce ta jira. Yanzu ga wata tana jira, kuma ita kaɗai ta san abin da Inna ta ce da ta tashi daga bencin nan. In Yaya ta tahi da shi, wa zan tambaya? Ke?"

Zakiya ta durƙusa ta kifa kai a gwiwarsa tana kuka, shi ma kukan yake. Can ta ɗago ta ce, "To ni ma za ka mai da ni agogon bango ke nan." Ya dafa kanta kawai. Ita da kanta ta je ta yanko masa tikiti.

Ana gobe zai tashi ya zo Bab Makka ya mayar wa kowa da agogonsa, wanda ya gyaru da wanda bai gyaru ba. Ya sauko da na katakon ya rungumo shi ya kai rumfar Hajiya Zeinabou, ya buga ƙusa da kansa, ya nuna mata yadda ake wana shi. "Kada ki bari wani mai wayo ya gyara shi," ya ce. "Daidai yake." Ya juya ga Zakiya ya ce, "Juma'a ƙarhe huɗu zan kira. Huɗu ta Jidda, kin ji? Ta nan."

Juma'ar muka taru wurin Hajiya bayan la'asar, ni da Alkasim da Zakiya. Kowa ya ce tuwo ya kawo shi, ba wanda ya taɓa kwano. Wayar jikar Mariama a kashe take tun ranar da ya tashi, kuma duk mun san abin da muke tsoro, ba dai mai faɗa. Zakiya ta aje wayarta kan tebur, muka sa agogon katako a gaba. Yana buga biyu, waya ta yi ƙara.

"Na iske ta," shi ne abin da ya fara cewa. Zakiya ta toshe baki da mayafi. Ya ce wayar yarinyar ce ta faɗa randa. Ya ce Mariama ba ta gani sosai, sai da ta shafa kansa ta tambaye shi ina ya kai gashinsa. Ta sha fura daga hannunsa.

"Baba? Ka tambaye ta?"

"Na tambaya," in ji shi. "Ta ce da anka zo ruhewa, ita Yaya ta hau masifa, tana cewa na shiga birni na lalace. Sai Inna ta tashi ta kakkaɓe zanenta ta ce mata, 'Yi shiru. Auta bai saɓa alkawali. Can gabas suke, rana na riga isa wurinsu. Ya zo da wuri bai iske mu ba, mu munka makara. Allah dai ya sa bai yi hushi da mu ba.'"

Alkasim ya juya baya wai yana gyara rawani. Hajiya Zeinabou sai Allah sarki Inna take ta maimaitawa. Shekara talatin da ɗoriya yana ɗauke da tsoron ta tafi tana fushi da shi, ashe ita tsoronta kada shi ya yi fushi da ita. Ni kam na yi kuka, ba na ɓoyewa.

Malam Nomau, na san za a karanta maka wannan a ƙofar gidan Yaya Mariama, kuma na san za ka ce surutu ya yi yawa. Ka yi haƙuri ka ji. Mun gode. Kai ne ka ɗauki abin da ya ƙona ka ka hana shi ƙona wasu. Kai ne ka koya mana cewa kafin mutum ya dubi nasa agogon ya tuna da na wanda ke jiransa. Allah ya ba ka ladan kowace murya da ta riski mai jiranta da rai saboda kai, ya jiƙan Inna da Rakia da Ammi Abdulwahid, ya ƙara wa Yaya Mariama sauƙi. Muna kewarka ƙwarai. Hantsin Bab Makka ya rage daɗi tun da ka tafi.

Ku kuma 'yan'uwana mazauna Jidda, masu cewa sai an samu sarari, sai takarda ta fito, sai bayan hajji, ku leƙa rumfar Hajiya Zeinabou ku dubi bango. Can gida ma lokaci tafiya yake. Mai tsohuwa ya kira ta, ya kira a sa'ar da take farke, in kuma da tambayar da yake ɓoyo ya yi ta tun da mai amsawa. In kun ga baƙo ya rikice, ku riƙe masa hannun riga yadda aka riƙe wa Alkasim.

Zakiya ta ce mini har yau bai juya agogon hannunsa ba. A cikin jirgi an yi sanarwa, na kusa da shi ya ce kawo in gyara maka, Baba, ya hana. Yanzu in mutanen unguwa a Tawa suka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya kai agogon kusa da ido, ya cire biyu, ya faɗa musu. Jikar Mariama ta ce in ya zauna a inuwa takan ji shi yana magana shi kaɗai ƙasa-ƙasa: yanzu Hajiya ta ɗora tukunya, yanzu an taso jikokina daga makaranta, yanzu Zakiya na kwashe shanya.